Wata da Girgizar Ƙasa: Tarihin Wani Tsohon Zargi

Da asubahin ranar Litinin, 6 ga Fabrairun 2023, ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya da ƙarfin maki 7.8, mutane fiye da dubu hamsin suka rasa rayukansu. Ranar ta yi daidai da tsakiyar watan Rajab, wata yana cike. Kafin a gama tono waɗanda gini ya danne, magana ta riga ta karaɗe duniya cewa wai wani mutumin ƙasar Holan ya faɗi zuwan wannan masifa kwana uku kafin aukuwarta, kuma wai daga tsayuwar wata da taurari ya gano. Na ji wannan zance a bakin masu ilimi da marasa shi, har wasu suka fara lissafin daren sha huɗu na gaba cikin fargaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, zargin nan da ake yi wa wata ya haura shekara dubu biyu, an sha gurfanar da shi gaban masana, kuma hukuncin da aka yanke masa ya fi abin da masu zargin da masu kore shi suke faɗa ban sha'awa.

Kowace al'umma da ta taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta ta nemi dalili. Mutanen Japan sun ce wani ƙaton tarwaɗa ne, namazu, yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, in ya motsa sai gidaje su zube. A wasu tsofaffin littattafan Larabci na abubuwan al'ajabi an kawo labarin bajimin san da duniya take bisa ƙahonsa, labarin da ya iso har zaurukan ƙasar Hausa. Masanin Girka Aristotil, a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya kauce wa dabbobi ya nemi dalili a cikin halitta: ya ce iska ce take shiga kogunan cikin ƙasa ta rasa mafita, yunƙurinta na fita shi ne girgiza. A cikin wannan bayani nasa ya ambaci cewa wani lokaci girgizar kan zo tare da husufin wata. Tun daga nan sunan wata ya shiga cikin shari'ar.

Ra'ayin Aristotil ya yi mulki kusan shekara dubu biyu. Ibnu Sina ya ɗauke shi ya faɗaɗa a cikin Kitabus Shifa. A can ƙasar Sin kuwa, a shekara ta 132, Zhang Heng ya ƙera wata tukunyar tagulla mai kawunan dodanni takwas, kowanne riƙe da ƙwallo a baki, in ƙasa ta motsa ƙwallo ɗaya ya faɗa bakin kwaɗon da ke ƙasansa ya nuna shiyyar da girgizar ta fito. Na'urar tana nuna cewa an yi girgiza, amma ba ta faɗin abin da ya kawo ta. Wanda ya fi ba ni sha'awa a wannan dogon zamani shi ne Imam Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, malamin nan da ya aike da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Ya rubuta littafi mai suna Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala, inda ya jera girgizar ƙasar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara. Shi a wurinsa girgiza aya ce kuma gargaɗi, bai yarda da zancen iskar falsafawa ba. Amma jerin kwanakin da ya bari, masana girgizar ƙasa na wannan zamani suna komawa gare shi har gobe, domin tambaya irin ta wata ba ta amsuwa sai da kwanaki rubutattu.

A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa ƙarfin jan wata, tare da na rana, shi ke sa teku ya tumbatsa ya janye sau biyu a kowane yini. Mu da muke nesa da gaɓar teku ba mu cika ganin wannan da ido ba, amma duk wanda ya zauna Legas ko Kwatano ya san ruwa yana da lokacin cikowa. Jan rana bai kai rabin na wata ba. Idan wata ya ɓata a ƙarshensa, ko ya cika a tsakiyarsa, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, sai jan biyun ya haɗu, tumbatsar ta fi ƙarfi. A wajen kwana bakwai da kwana ashirin da biyu kuwa jan ɗaya yana rage na ɗaya. Daga nan zargin ya sami ƙafar tsayawa. Abin da ke iya ɗaga teku sukutum, me zai hana shi tsaga ƙasa?

Ranar 1 ga Nuwamban 1755 birnin Lisbon na Fotugal ya rushe. Ranar idin Kirista ce, majami'u cike da jama'a. Bayan girgizar teku ya janye sannan ya dawo ya haye birnin, gobara ta cinye abin da ya rage, dubun-dubatar mutane suka halaka. Turai duka ta ruɗe. Ministan da ya riƙe ragamar ƙasar, wanda daga baya aka sani da Pombal, ya yi wani abu da ba a saba ba: ya aika wa limaman majami'un ƙasar takardar tambayoyi, da ƙarfe nawa aka fara, tsawon wane lokaci aka yi, ta wace fuska gine-gine suka fi zubewa, teku fara janyewa ya yi ko fara cikowa. A ganina wannan takarda ta fi duk littattafan da aka rubuta a kan masifar amfani, domin ita ce ta mayar da girgizar ƙasa abin awo. Immanuel Kant, yana saurayin malami a lokacin, ya rubuta maƙaloli uku a 1756, kuma a ta ƙarshe ya yi lissafin jan taurari masu yawo ya nuna bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na wata. A 1760 John Michell na Ingila ya ce girgiza tana tafiya ne cikin duwatsu kamar igiyar ruwa, ko da yake shi ma ya ɗauka tururin ruwa ne da ya haɗu da wutar cikin ƙasa yake tayar da ita.

Mutumin da ya sadaukar da rayuwarsa ga zargin wata shi ne Alexis Perrey, malamin lissafi a birnin Dijon na Faransa. Shekaru da dama a tsakiyar ƙarni na sha tara yana bin jaridu da wasiƙu da tsofaffin littattafai yana tara labarin girgizar ƙasa daga ko'ina, har ya tara dubbai. Da ya jera su bisa kwanakin wata sai ya fitar da hukunci uku: girgiza ta fi yawa a ɓatan wata da cikarsa, ta fi yawa idan wata ya kusanto duniya, kuma ta fi yawa a sa'ar da wata yake tsaka. Bayaninsa mai sauƙin shiga kai ne. A zamaninsa an ɗauka cikin duniya narkakken dutse ne, ɓawon da muke takawa siriri ne, don haka wata yana sa wannan tekun wuta ya tumbatsa ya bugi ɓawon daga ciki. Wani Ba'ostiriye mai suna Rudolf Falb ya ɗauki wannan ra'ayi ya kai shi kasuwa, yana buga jerin "kwanakin haɗari" na kowace shekara, jama'a na rububin saye. In an yi girgiza kusa da ɗaya daga cikin kwanakin sai sunansa ya ƙara tashi, in ba a yi ba kowa ya manta.

Bugu na farko da wannan gini ya sha daga watan kansa ya fito. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya yi tunani a farkon shekarun 1860 cewa da a ce cikin duniya ruwa ne, to da ɓawon ƙasa zai riƙa ɗagawa tare da teku daidai wa daida, kuma da mai tsaye a gaɓa ba zai ga ruwa yana hawa yana sauka ba. Tunda muna ganin tumbatsar teku, to jikin duniya yana da tauri, har ya kwatanta taurinsa da na baƙin ƙarfe. An gano daga baya cewa akwai narkakken ƙarfe a can ciki, amma sai an nutsa kusan kilomita 2,900 kafin a kai gare shi, nesa ƙwarai da inda girgiza take tasowa.

Bugu na biyu na lissafi ne, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin a nan ne har yau ake yaudarar mutane. Watan sama kwana 29 da rabi ne. Idan wani ya ce za a yi girgiza cikin kwana uku kafin cikar wata ko bayanta, ko kwana uku kafin ɓatansa ko bayansa, to ya kame kwana goma sha huɗu ke nan, kusan rabin watan. Ko da wata ba shi da hannu ko kaɗan, kusan rabin duk girgizar duniya za ta faɗo cikin kwanakinsa. A ƙara da cewa a kowace shekara ana yin girgiza mai maki 5 zuwa sama fiye da sau dubu, wato babu ranar da ba a yi ba a wani wuri. Wanda ya ce "za a yi girgiza a wannan mako" bai faɗi wuri da girma ba, daidai yake da wanda ya ce za a yi haihuwa a Kano ranar Juma'a. Akwai kuma wani tarko: babbar girgiza takan haifi ɗaruruwan ƙanana a kwanakin da ke biye, in aka ƙirga su duka sai su cika kwanakin wata guda su sa a zaci akwai tsari. A 1897, bayan Cargill Knott ya ce ya ga alamar wata a girgizar ƙasar Japan, Arthur Schuster na Manchester ya fitar da wata hanyar lissafi ta bambance tsari na gaskiya da abin da dace kawai zai iya haifarwa. Da aka ɗora alƙaluman Knott a kan wannan ma'auni ba su tsaya ba. Har yanzu da gwajin Schuster ake auna irin wannan da'awa.

Ana cikin wannan muhawara sai ainihin mai laifin ya bayyana a wani gefe. A watan Oktoban 1891 girgizar Mino-Owari ta kashe mutum fiye da dubu bakwai a Japan, ta bar wata doguwar tsaga a kwarin Neo, inda a wani wuri gefe ɗaya ya ɗaga sama da ɗaya da kusan mita shida. Kafin nan an ɗauka girgiza ce take tsaga ƙasa. Masanin duwatsu Bunjiro Koto ya ce a juya maganar: zamewar tsagar ita ce girgizar. Ranar 18 ga Afrilun 1906 tsagar San Andreyas ta zame a tsawon fiye da kilomita 400, birnin San Faransisko ya ƙone, aka ga shingaye da hanyoyin da suka ratsa tsagar sun rabu biyu, gefe ya goce wa gefe da mitoci. Harry Fielding Reid ya kwatanta awon filaye da aka yi a yankin tun shekaru hamsin baya da wanda aka yi bayan girgizar, ya ga ashe ƙasar ta daɗe tana tafiya a hankali, gefen yamma yana gusawa arewa, alhali bakin tsagar yana manne. Duwatsun suna lanƙwasa kamar bakan maharbi da ake ja sannu a hankali, ranar da mannewar ta kasa riƙewa sai su fizge su miƙe lokaci guda. Ya buga wannan bayani a 1910, kuma shi ne tushen ilimin har yau.

Saura tambayar wane ne yake jan bakan. Alfred Wegener na Jamus ya ce a 1912 nahiyoyi suna tafiya, yana kafa hujja da yadda gaɓar yammacin Afirka da ta gabashin Kudancin Amurka suke dacewa kamar tsagin ƙwarya, da kamannin duwatsu da burbushin halittu a ɓangarorin biyu. Da aka tambaye shi abin da ke tura su, cikin abubuwan da ya kawo har da jan wata da rana. Harold Jeffreys na Kambirij ya yi lissafi ya nuna jan ya yi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma da zai kai ƙarfin tura nahiya da ya tsayar da juyawar duniya cikin ɗan lokaci. Rataya gaskiyarsa a wuyan wata na cikin abin da ya ja wa Wegener dariya, ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a yarda da shi ba. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan tekuna, aka tabbatar cewa ɓawon duniya faya-fayai ne manya da ke tafiya 'yan santimitoci a shekara, gwargwadon tsiron farce. Zafin cikin duniya da nauyin tsohon faifai mai nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa su ke tafiyar da su. Inda faya-fayan suke gogayya nan girgiza take: kewayen tekun Fasifik, da layin da ya taso daga Bahar Rum ya bi ta Turkiyya da Iran zuwa Himalaya. Ƙasar Hausa tana zaune a tsakiyar faifan Afirka bisa tsohon dutse, shi ya sa abin da muke ji bai wuce irin motsin Kwoi na 2016 da na Mpape a Abuja na 2018 ba, ko da yake ta Akara a 1939 da ta arewacin Gini a 1983 sun kashe mutane, sun nuna tsofaffin tsagu ma sukan farka. Wata kuwa yana haskaka Kano da Tokyo daidai, da shi ne sila da ba a ga wannan bambanci ba.

Duk da haka zargin bai mutu ba, kuma ya taɓa jawo asara ta zahiri. Wani Ba'amurke mai suna Iben Browning, wanda ba masanin girgizar ƙasa ba ne, ya ce saboda ƙarfin jan wata akwai yiwuwar rabi da rabi a yi babbar girgiza a yankin New Madrid na jihar Misuri wajen 3 ga Disamban 1990. Da yake yankin ya sha mummunar girgiza a 1811 da 1812, mutane suka tsorata. Aka rufe makarantu, wasu suka bar gari, motocin gidajen talabijin suka cika ɗan ƙaramin garin suna jira. Ranar ta zo ta wuce ƙasa ko gezau.

Zai yi daɗi a ce a nan aka sallami wata, amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Na'urorin zamani sun tabbatar cewa busasshiyar ƙasa ma tana tumbatsa. Inda mai karatu yake zaune yanzu yana hawa yana sauka da abin da kan kai santimita talatin sau biyu a yini, ba ya ji ne domin gari duka tare yake hawa. Wannan yana matsa tsagu yana sassauta su. Sai dai matsin ƙarami ne ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin dubu na abin da girgiza take saukewa. A 2004 Elizabeth Cochran da John Vidale da Sachiko Tanaka suka nuna cewa a tsagun da ba su da zurfi na bakin teku, inda nauyin ruwan tumbatsa yake ƙara wa jan ƙarfi, girgiza takan ɗan fi zaɓar sa'ar da matsin yake taimaka wa zamewa. An kuma ga cewa wata irin makyarkyata mai rauni da ake ji a can ƙarƙashin San Andreyas da yankin Kaskadiya tana bin tumbatsa sau da ƙafa, haka ma ƙananan girgizar wasu duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin teku. A 2016 Satoshi Ide na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa suka ce a kwanakin da jan ya fi ƙarfi, ƙaramar zamewa ta fi samun damar girma ta zama babba, suna misali da ta Sumatara ta 26 ga Disamban 2004 da ta Cile ta Fabrairun 2010, waɗanda duka suka zo a cikar wata.

Shekara biyu bayan haka Susan Hough ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ɗauki girgiza 204 masu maki 8 zuwa sama tun daga shekara ta 1600, ta jera su bisa kwanakin wata. Kan maƙalarta tambaya ce, ko manyan girgiza suna da kwanakin da suka fi so, taƙaitawar maƙalar kuwa kalma ɗaya ce tak: a'a. Misalai ma suna nan a ɓangaren nata. Ta Japan ta 11 ga Maris 2011, mai maki 9, ta zo wata yana wajen kwana shida. Ta Maroko ta 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe kusan mutum dubu uku, ta zo a ashirin da 'yan kai ga Safar, lokacin da jan yake da rauni. 

Ni dai ban ga saɓani na haƙiƙa tsakanin binciken biyu ba. Katangar ƙasa da ta sha ruwan damina shekara da shekaru, gindinta ya zaizaye, wata rana akuya takan zo ta soshe jikinta a kai sai ta zube. Wanda ya ƙirga katangu dubu da suka faɗi zai iya samun cewa an ɗan fi samun akuya a kusa a lokacin faɗuwar. Amma akuyar nan ta goga jikinta a wannan katanga sau dubbai ba ta faɗi ba, kuma da ba ta zo ba da katangar ta faɗi gobe ko jibi. Tsagar da ta ɗauki shekara ɗari biyu tana tara nauyi ta ga cikar wata fiye da sau dubu biyu tana nan daram. Iyakar abin da wata zai iya shi ne ya gaggauta ko ya jinkirta abin da ya riga ya nuna, da 'yan sa'o'i ko kwanaki, kuma ba ya faɗa wa kowa wace tsaga ce ta nuna. Masu sayar da kwanakin haɗari tun daga Falb har zuwa na intanet sun bar jaki suna dukan taiki.

Akwai dai wuri guda da hukuncin Perrey ya tabbata ba tare da gardama ba. Tsakanin 1969 da 1972 'yan sama-jannatin Apollo sun dasa na'urorin auna girgiza a kan wata, huɗu daga ciki suka yi ta aiko da saƙo har aka kashe su a ƙarshen Satumban 1977. Sun naɗi dubban girgiza masu tasowa daga zurfin kilomita 700 zuwa sama da 1,000 a cikin watan, daga wurare iri ɗaya, suna maimaituwa kusan kowane kwana 27 gwargwadon kusantar wata da nisantarsa daga gare mu. Duniya ta ninka wata nauyi sau 81, kuma janta ne yake murɗa cikinsa a kan kari.